Ranar da Aka Rufe wa Minista Ƙofa

Har yau Sakatariya ake ce mata a ma'aikatar lafiya, duk da an daɗe da ƙara mata girma zuwa shugabar sashen tsare-tsare, an ba ta ofis mai kafet da na'urar sanyaya ɗaki. Sunan ya manne mata tun zamanin da take zama a bakin ofishin tsohon minista, wanda ma'aikata ke kira Baba Agogo idan sun tabbatar ba ya kusa. Ita ma ba ta ƙi sunan ba. Idan sabon ma'aikaci ya ce mata Darakta, sai ta waiga ta ga da wa yake.

Da Baba Agogo ya shekara da rasuwa, Allah ya jiƙansa, gwamnati ta ce za a sa wa babban zauren taron ma'aikatar sunansa. Shirya taron ya faɗo wuyan Sakatariya, ita kuma ta gayyato tsofaffin ma'aikatan da suka yi zamani da shi don su taya ta shawara. Suka cika ofishinta, suka shanye mata shayi, kowa ya kawo tasa. Wani ya ce a yi hoto mai girman bango. Wani ya ce a buga littafi. Tsohon Kashiya, wanda bai taɓa barin magana ta wuce shi ba, ya ce a sa shi ya yi jawabi, za a ga kuka. Tsohon direban marigayin yana can gefe yana juya cokali a kofi, sai da aka gaji sannan ya ɗago.

"Ni dai in za a bi tawa," ya ce, "a rufe ƙofa ƙarfe goma."

Ofishin ya ɗauki dariya, har wani ya ƙware da shayi. Dariyar kuma tana da dalili. A zamanin marigayin, idan an sa taro ƙarfe goma, to goma na bugawa ake murza makulli. Wanda ke ciki yana ciki, wanda ke waje yana waje, ko darakta ne, ko ɗan kwangila, ko baƙo daga wata ƙasa. Bai taɓa ɗaga murya a kan wannan ba. Abin da yake faɗa kawai shi ne, duk mintin da suka ɓata suna jiran wani babba, wata mata ce ke tsaye da ɗa a goye tana jiran a buɗe tagar magani. Da farko an ɗauka sabon shiga ne, zai gaji. Bai gaji ba. A hankali abin ya sauka daga bene na sama ya bi ofis-ofis, ya fita titi, ya isa ƙananan asibitocin unguwanni. Motar magani ta fara tashi a ranar da aka ce za ta tashi. Ma'aikatan jinya suka fara karɓar aiki kafin marasa lafiya su yi layi, don ba wanda ya san ranar da zai ga ministan da kansa zaune a benci, ya ja hula ya rufe goshi, yana riƙe da kati kamar kowa. Wadda kuma take murza makullin nan duk tsawon shekarun, Sakatariya ce.

Da dariyar ta lafa, sai aka ga babu wanda ke da abin da ya fi wannan. Aka rubuta a ƙasan katin gayyata cewa za a rufe ƙofa ƙarfe goma kamar yadda marigayi ya saba. Sakatariya ta kai wa Babban Sakatare katin, ya karanta, ya yi murmushi, ya ce ya yi kyau. Ta tambaye shi kai tsaye, idan sabon minista ya makara fa? Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce ta yi abin da ya dace. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san ma'anar wannan: in ta yi kyau tamu ce, in ta ɓaci taki ce ke kaɗai.

Sabon ministan kuwa ba mugun mutum ba ne, amma tun da ya zo ba a taɓa ganin sa a wurin taro ba sai lemon da ke kan tebur ya daina sanyi.

Ranar taron da safe, tana ɗaura ɗankwali a gaban madubi, maigidanta ya tsaya a bakin ƙofa da jarida a hammata. Tsohon malamin makaranta ne, ritaya ta ba shi lokacin sa ido a kan komai.

"Sakatariya, na ga makulli a jakarki."

"Na zauren ne, Malam."

"Na sani ai. Tambayata ita ce, na ado ne ko na aiki?"

Ta ci gaba da gyara ɗankwalin da ya riga ya zauna daidai.

"'Yan watanni suka rage miki ki ajiye aiki," ya ce, ya sassauta murya. "Ba a taɓa ba ki takardar tuhuma ba. Kin san ɗakin tsofaffin fayiloli na ƙasan bene, inda ake kai waɗanda suka ɓata wa manya rai? Ba na so ki ƙarasa aikinki can da ɓeraye. A da idan kin murza makulli, akwai mai tsaya miki a baya. Yau wa ke bayanki?"

"Kai mana."

"Ni? Ni fanshona ma da addu'a yake zuwa." Ya yi dariya, ya ɗauko mata takalmanta. "Je ki dai. In an kore ki, kya taya ni ba tsirrai ruwa."

Ta yi dariya don ya ji daɗi. Maganarsa gaskiya ce. Tana tsoron ta bar aikin da ta ba ƙuruciyarta da tabo a fayil, tana kuma jin kunyar a ce an tara mutane don girmama Baba Agogo, aka zauna ana fifita da takarda ana jiran wani.

Abin da ta tarar a ma'aikata ya kusa mantar da ita damuwarta. Tun ƙarfe tara harabar ta cika. Tsofaffin daraktoci da ko sallah sai a zaune suke yi, ga su suna dogara sanda suna sauri a kan matakala, suna haki suna dariya. Wani ya shigo yana nuna agogon hannunsa ga kowa, wai a shaida ya iso. Wata tsohuwar shugabar ma'aikatan jinya ta ce tun asuba ta hana jikokinta sakat, ta ce musu yau Baba ne ya kira taro. Aka rungumi juna, aka tambayi gida da gwiwa da hawan jini. Tsohon Kashiya ya tsaya a bakin ƙofa yana yi wa kowa tsiya.

"A'a, ranka ya daɗe, yau ka zo da wuri? Kai da baranda ta san takalminka fiye da kafet!"

Kafin goma saura kwata babu kujerar da ba kowa, sai guda biyu a layin gaba, masu hannu da matashi. Ɗaya ta sabon minista, ɗaya ta matar marigayin, wadda duk ma'aikata ke kira Mama. Sakatariya ta kira hadimin minista a waya.

"Muna hanya," ya ce.

A bayan muryarsa tana jin ƙarar cokali da faranti. Ta tuna masa abin da ke jikin kati. Ya yi 'yar dariya, ya ce ai sun gani, abin ya burge su, a dai ɗan riƙe mutane da kiɗa. Ta kira 'yar Mama, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta nemi Babban Sakatare da ido, ta same shi ya duƙufa yana nazarin igiyar takalminsa.

Zauren ya yi tsit da kansa. Ba wanda ya ce a yi shiru, amma duk kawunan nan masu furfura sun juya sun zuba wa agogon bango ido, daga nan su dube ta. Ta taka zuwa ƙofa. Dogon hannun agogo ya hau sha biyu. Ta leƙa baranda, babu kowa sai maigadi. Ta ja ƙyauren biyu ta haɗa, ta sa makulli, ta murza.

Ƙarar makullin ƙarama ce, amma har layin baya an ji ta. Sai tafi ya ɓarke. Wasu suka miƙe tsaye, tsohon direba ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita, kafaɗunsa na rawa. Aka buɗe taro da addu'a, mai gabatarwa ya kira wata ungozoma da ta zo daga wani ƙaramin asibiti a ƙarshen gari. Ta ce ita ba ta iya jawabi ba. Ta dai san cewa kafin zamanin marigayi, idan haihuwa ta zo da gardama, sai su kira motar asibiti su fara addu'a, don addu'ar kan riga motar isowa. A zamaninsa motar ta fara zuwa. Ta ce yaran da aka ɗauka a motar nan yau wasunsu sun fi ta tsawo, suna wuce ta a hanya ba su san ta ba, ita kuwa ta san su.

Tana cikin magana aka ji jiniya.

Sakatariya tana tsaye a jikin ƙofa, don haka bugun farko a bayanta ta ji shi. Ta leƙa ta gilashin da ke tsakiyar ƙyauren. Ga hadimi yana buga ƙofa da tafin hannu, ga minista cikin babbar riga, ga 'yan sanda da masu kyamara. Wannan ta shirya masa tun daga gida. Abin da ba ta shirya masa ba shi ne ƙaramar motar da ta tsaya a bayan jerin motocin, da tsohuwar da ake fito da ita a hankali, 'yarta na riƙe da hannunta. Mama ce.

Innalillahi. Ta rufe wa matar mutum ƙofa a taron mijinta.

Ta tsaya da makulli a hannu. In ta buɗe, tafin nan da aka yi ya zama wasan yara. In ta ƙi, ta tozarta tsohuwar da ta sha aiko mata da abinci ofis lokacin da take da ciki. Ta je ta danƙa wa tsohon direba makullin, ta ce kada ya ba kowa, ta bi ta ƙaramar ƙofar da masu shara ke bi, ta ja ta ta rufe, ta zagayo baranda. Idan za a ci mutuncinta, gara a ci tana tsaye a gabansu.

Hadimi ya taso mata. "Hajiya, kin san abin da kika yi kuwa? Kin san wa ke tsaye a nan? Ina makullin?"

"Yana ciki."

"To a buɗe!"

"Ni ma yanzu ina waje, ɗana."

Ta rusuna ta gai da minista. Ya amsa a taƙaice, fuskarsa ba yabo ba fallasa, yana satar kallon masu kyamara. Kafin ya ce wani abu, Mama ta iso tana dogara sanda, ta tambayi me ya tara mutane a rana. 'Yarta ta raɗa mata a kunne. Tsohuwar ta dubi ƙofar, ta dubi Sakatariya.

"Ke kika rufe?"

"Ni ce, Mama. Ki yafe mini. Wallahi ban san..."

Mama ta fashe da dariya. Ta yi ta yi har sandar ta faɗi, har sai da ta dafa kafaɗar wani ɗan sanda, shi kuma ya ƙame bai san abin yi ba. Ta share hawaye da gefen mayafi.

"Yau dai Allah ya kama ni! Tun da aka kai ni gidansa nake makara. Sai ya shirya tsaf ya shiga mota, ni ina ciki ina neman ɗan kunne. Ya rufe wa duniya ƙofa, ni kaɗai yake zama ya jira, yana kallon agogo yana haɗiye magana. Yau ma ɗan kunnen ne, tambayi wannan." Ta nuna 'yarta, wadda ta sunkuyar da kai tana dariya. "Kada ki buɗe, 'yata. Tun da ya rasu kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai. Yau ne na fara jin kamar yana cikin ginin nan. A samo mini kujera."

Maigadi ya ruga ya kawo tasa ta roba, Mama ta zauna a gindin taga ta gyara mayafi. Yanzu ido ya koma kan minista. Hadimi ya matso zai yi masa raɗa, minista ya ɗaga masa hannu. Ya dubi tsohuwar, sannan ya juyo ga Sakatariya.

"Ni ban yi aiki da shi ba," ya ce. "A zamaninsa, wanda ya makara yaya ake yi da shi?"

"Ranka ya daɗe, a nan yake tsayawa, a buɗe masa taga ya saurara. Ba ya magana."

"In yana da jawabi fa?"

Ta nuna tagar. "Sai ya miƙa takardar ta taga, wani na ciki ya karanta."

Ɗaya daga cikin masu kyamara ya yi tari don ya ɓoye dariya. Minista ya miƙa wa hadimi hannu. Hadimi ya yi kamar bai gane ba, sai da aka sake miƙa masa hannun, sannan ya zaro jawabin daga jaka kamar ana cire masa haƙori. Sakatariya ta ƙwanƙwasa taga, aka buɗe daga ciki, kuma wa za a gani in ba tsohon Kashiya ba. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya dubi sama ya yi godiya. Dama jawabi yake nema tun ranar farko.

Ya hau mumbari, ya gyara makirufo, ya sanar da jama'a cewa mai girma minista ya iso, yana baranda cikin ƙoshin lafiya tare da Mama. Zauren ya kaure da sowa, mutane suka juyo suna ɗaga wa taga hannu. Ya fara karatu da murya mai kauri, yana tsayawa a inda ya ga dama. Jawabin ya yabi marigayi, ya lissafa asibitocin da ya farfaɗo da su, komai na tafiya lafiya, har ya iso wani layi. Ya tsaya. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake duba takardar.

"Jama'a, ba ni na rubuta ba," ya ce, sannan ya karanta a hankali: "Babban darasin da ni kaina na koya daga marigayi, wanda kuma nake aiki da shi kullum, shi ne girmama lokaci."

Abin da ya biyo baya ba a iya kiran sa dariya kawai. Tsofaffi suka riƙe ciki, wata ta zame daga kujera, Babban Sakatare ma ya manta da takalminsa. Sakatariya ta rufe ido, ta ce a ranta shi ke nan, a share mata tebur a ɗakin fayiloli. Sai ta ji wata dariya kusa da kunnenta. Minista ne, ya dafa bangon taga, hularsa ta karkace, yana nuna hadimi da yatsa.

"Kai ka rubuta wannan? Kai ka rubuta, kuma ka bar ni na tsaya cin abinci?"

Mama ta ja gefen rigarsa. "Zauna, ɗana, ka rage tsawo. Kana tare mini iska."

Aka kawo benci, minista ya zauna kusa da ita, hadimi da 'yan sanda suka jeru a baya. Haka suka saurari sauran taron ta taga. Duk wanda ya hau mumbari sai ya gai da mutanen ciki, sannan ya gai da mutanen baranda. Mama tana gyara wa masu jawabi labari daga inda take, tana cewa ba haka aka yi ba, har mai gabatarwa ya tuna mata cewa wanda ya makara ba ya magana.

Da aka rufe taro da addu'a, tsohon direba ya buɗe ƙofa. Minista ya riƙe hannun Mama suka shiga tare, suka yaye ƙyallen da ya rufe allon sunan marigayi, aka yi ta ɗaukar hoto. Sakatariya ta laɓe a bayan jama'a tana tattara kofuna, aikin da ba nata ba. Can ta ji an ce minista na kira.

"Gobe ina da taro da daraktoci," ya ce, a gaban Babban Sakatare da kowa. "Ke za ki tsaya a ƙofa. Har ranar da za ki ajiye aiki, ke ce a ƙofar."

"To, ranka ya daɗe. Har da..."

"Har da ni. Amma don Allah a sa mini benci mai matashi, wannan ya ci mini baya."

Babban Sakatare ya matso yana cewa dama shi ya ba ta shawarar ta yi abin da ya dace. Ta ce masa ta gode.

Ita ta raka Mama mota. Sai da tsohuwar ta zauna, ta kamo hannun Sakatariya don su yi sallama, ta ji yana karkarwa har yanzu. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta daina dariya.

"Tsoro kika ji?"

"Mama, kamar in mutu. Shi Baba bai san tsoro ba, shi ya sa a da nake murzawa hankalina kwance. Ni ba irinsa ba ce."

"Wa ya gaya miki?" Mama ta girgiza kai. "Duk ranar da kuka rufe wa wani babba ƙofa, ni nake ganin sauran. Ya dawo gida ya kasa cin abinci, kofi ma sai na riƙe masa, hannunsa na yin yadda naki ke yi yanzu. Ya ce mini, gobe ƙila a sallame mu, ki fara haɗa kaya. Na haɗa kayan nan na kwance ban san iyaka ba. Da safe ya tashi ya tafi ya sake. Kuma ya sha ce mini, shi da a ce shi ke riƙe da makullin, wata rana da ya buɗe. Yarinyar nan ce, in ji shi, ba ta waiwayowa ta dube ni, sai in ji kunyar cewa a bari."

'Yar Mama ta tayar da mota. Sakatariya ta tsaya a harabar, hawaye na zuba tana dariya, har maigadi ya zo ya tambaye ta ko lafiya. Ta ce lafiya lau, ya taimaka ya mayar da bencin nan gindin taga kafin ya tashi.